Gyaran Gwadabe

Duk wanda ya tashi a Gaya zamanin sule da sisi ya san shagon Gwadabe, wani ɗan ɗakin ƙasa a gindin darbejiya. Gishiri, kananzir, ashana, sabulu, sukari mai ƙwaya, kayan ke nan. Sai dai Gwadabe bai taɓa auna wa mutum gishiri ya sallame shi haka ba. Zai cika gwangwani ya yi tozo, sannan ya ɗibo da yatsu uku ya ƙara. Gyara ke nan. Matan kulle da ba su taɓa ganin fuskarsa ba sun san hannunsa. Matarsa Hure kan ce hannun nan ne zai talauta su, shi kuwa ya ce ciniki ba gyara ai faɗa ne.

Burinsa ɗaya a duniya, ɗansa Inuwa ya gaji shagon nan.

Ana nan sai motocin Kano suka yawaita. Masu albashi da waɗanda suka sayar da gyaɗa suka koma sayayya a manyan kantunan birni, inda komai ke ƙunshe a takarda, ba tayi, ba gaisuwa. Su dawo suna yanga da kwalaye, su wuce shagon Gwadabe da sallama kawai. Abin ya ci masa rai, amma bai kai ranar da Inuwa ya sami aiki a ɗaya daga cikin kantunan ba.

"Ka bar shi ya koyo ciniki," in ji Hure.

Gwadabe ya tambayi kansa: A ina za a koyi ciniki wurin da ba a kallon fuskar mai saye?

Shekarar da naira ta shigo, ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Inuwa ya ɗauki hutu ya zo ya riƙe shagon. Don murna tsohon ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, wai yana shan iska, alhali ɗansa yake kallo.

Sai ga Indo, tsohuwar da ta yi wa Inuwa wankan jarirai, da ɗan kwanonta. Inuwa ya gaishe ta da ladabi, ya cika gwangwani, ya sa yatsa ya share bakinsa tas, ya juye mata. Indo ta tsaya da kwanon a miƙe.

"Da wani abu kuma, Iya?"

Ta dubi Gwadabe, ta sunkuyar da kai don kunya, ta tafi.

Yaron bai yi da mugunta ba, shi ne abin da ya fi yi wa Gwadabe ciwo. Bai ma san an jira shi ba.

Da yamma Inuwa ya ce, "Baba, in kana so sai in bar Kano in dawo."

Maganar da Gwadabe ya yi shekaru yana roƙon Allah ya ji ke nan. Ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Koma bakin aikinka," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."