Yarima Dambo Yana Hanya

"Inna, shafi biyu fa suka rage! Ki kashe shi ko ki aurar da shi, jama'a su huta!"

"Ke kika haifa mini shi?"

Mardiya na tankaɗe ta jiyo su ta bayan katanga. Fauziyya ce ke ja da uwarta, Kyauta mai markaɗe, kuma duk a kan Yarima Dambo.

Shekara ashirin ke nan da Mardiya ta san shi. Tana amarya a Dutsin-Ma ta aika markaɗen wake, roba ta dawo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta a kan murfi, naɗe cikin leda. Haka Kyauta ke yi. Tsakanin wannan roba da waccan take rubuta labarinta, wadda ta aiko da markaɗe ta karanta, gobe ta maido. A labarin, masarautu biyu ne na aljanu ke yaƙi a ƙarƙashin ruwan madatsar Zobe. Yarima Dambo kan sare sadaukai arba'in, amma da ya ga zabuwa sai ya haye bishiya. Gimbiyar abokan gaba kuwa kibiya take harba masa, da wasiƙar soyayya ɗaure a jiki. Tuwo nawa ya ƙone a unguwar nan saboda su!

Kowa ya san wa ake nufi. Badamasi, mijin Kyauta, direban bas a hanyar Kurfi, ko naman zabuwa ba ya ci. Shi ke fara karantawa a tasha kafin mota ta cika, ya bi gefen shafi da jan biro: "Ƙarya ne, ba gudu ya yi ba, dabarar yaƙi ce."

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Badamasi wata damina. Littafi na sha tara ya tsaya inda Yarima ya hau jiminarsa, ya ce wa Gimbiya ta ɗora girki, yanzu zai dawo.

Yanzu Fauziyya na jami'a. Ta buga labarin a waya, ƙawayenta sun dame ta da neman ƙarshe.

Mardiya ta yafa mayafi ta shiga.

"Yaya Kyauta, ki taimaki yarinyar nan mana."

"Ido ne, Mardiya. Ba na ganin layi."

Ta faɗi haka ne tana zura zare a allura, sau ɗaya kuma ya shige. Littafin na kan cinyarta a buɗe. Mardiya ta leƙa, ta ga inda jan biro ya ƙare. Shafi biyun nan, ko an rubuta, babu mai binsu ya ƙaryata.

"Fauziyya, ƙyale ta," in ji Mardiya.

Kyauta ta rako ta har bakin ƙofa, ta juya ta miƙa wa 'yarta littafin.

"Buga shi yadda yake, har da jan biron. Duk wadda ta tambaye ki Yarima, ki ce mata yana hanya."