Bayahude Marubuci da Kakanmu Mai Jaki

Shekarar da Bayahuden ya sauka a gidana, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Sabon Birni. Lokacin hanya lafiya lau take, mutum kan hau kabu-kabu ya tafi Isa ba tare da ya bar wasiyya ba. Wani abokina ɗan kasuwa mai zirga-zirgar Maraɗi ne ya kawo mini shi. Ya ce dattijon marubuci ne, aikinsa ƙaga labari a kan mutanen da, kuma yana son ya ji yadda Gobirawa ke ba da labarin jihadi da faɗuwar Alƙalawa, tsohon babban birninsu. Da ya zo kan cewa Bayahude ne sai ya rage murya, kamar mai faɗin farashin kayan fasa-ƙwauri.

Kafin la'asar unguwa ta cika ƙofar gidana. Abin da suka gani bai gamsar da su ba: gajeren tsoho mai farin gemu da tabarau, da 'yar hular da ko tsakar kai ba ta gama rufewa ba, yana dafe da gwiwa saboda ciwo. Wata maƙwabciyata ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wanga shi na Bayahuden? Ai ni na ɗauka mai sai da turare na." Ta koma gida ranta a ɓace, kamar an cuce ta.

A wani gari na ƙasashen Magrib, can arewacin sahara, aka haife shi kafin iyayensa su ƙaura Faransa, don haka Larabci a bakinsa yake. Da shi muke magana, ni ina ɗingishi, shi yana jira na. Limamin unguwarmu ya zo da niyyar ƙure shi, sai ga su sun zauna suna gardama a kan ƙissar Annabi Yusufu har aka aiko kiran liman salla.

Matsalar farko abinci ce. Uwargidana ta yanka masa zakara, ya ba da haƙuri ya ce ba ya cin nama sai yankan mutanensa. Ta ɗauki abin da zafi. Kwana da kwanaki tana ajiye masa tuwo da miyar kuka babu ko ƙashi, da fura, da dafaffen ƙwai, tana kallonsa da tausayi. Daga baya na ji tana gaya wa ƙawarta cewa duk labarin arzikin Turai ƙarya ne, ga nasu nan ko tsoka ba ya iya ci.

Na fara kai shi wurin dattawan gari. Na farkonsu, wani tsoho mai zanen fuska har kunne, ya riƙe hannunsa ya ƙi saki.

"Gaya mishi mu 'yan'uwa na," ya ce da ni. "Mu Gobirawa daga Misira munka hito. Su sunka hita ta ruwa, mu munka hita ta rairayi."

Marubucin ya yi dariya har da hawaye, ya rubuta. Sai aka shiga labarin yaƙi. Tsohon ya ce ranar da masu jihadi suka ci Alƙalawa, kakansa ne na ƙarshen fita daga birnin, da kibiya a kafaɗa, yana waiwaye yana sara. Washegari muka je wani gida, can ma kakansu ne na ƙarshen fita. Gida na gaba haka, sai dai nasu kibau biyu ne. Duk inda muka sa ƙafa, jarumi ɗaya ne, adadin kibau kawai ke ƙaruwa.

"Malam," marubucin ya ce da ni a hanyar komawa, "idan kowa shi ne na ƙarshe, wa ya fara fita?"

Na ce masa ba a yin wannan tambaya a Sabon Birni.

Mahaifiyata 'yar Isa ce, daga gidan malamai, don haka na ce mu je ya ji ta ɗaya ɓangaren. Kawuna ya karɓe mu a zaurensa, littattafai jibge a bayansa. Ya tara abokansa, kowannensu ya shaida cewa kakansa ne ya riƙe tuta a ranar. Na ƙirga a zuci na ga in haka ne, rundunar duk tutoci ce, babu mai takobi.

Kawu ya gyara zama ya ce, "To Malam, wanga littahi naka, gaskiya ta ko ƙarya?"

Marubucin ya yi bayani a hankali. Ya ce yaƙin gaskiya ne, garuruwan gaskiya ne, amma mutanen ciki da maganganunsu shi yake ƙirƙira, don mai karatu ya ji yadda zamanin yake.

"Na gane," in ji Kawu. "Ƙarya mai isnadi." Sai ya matso kusa da shi. "To tun da ƙaryar za ka yi, ka yi ta ta wajenmu."

Muna komowa tayar babur ɗin da ya ɗauko shi ta yi faci kusa da Kamarawa. Muka zauna gindin wata tsamiya muna jiran gyara, gero ya yi kai ko'ina. A nan ya buɗe mini cikinsa. Ya ce littafinsa na farko a kan mutanensa ne na Magrib, ya sa wani malaminsu mai saurin hannu a kan yara. Dangi suka ce ya tona musu asiri a gaban baƙi, aka daina gayyatarsa biki, ƙanwarsa ta daina yi masa magana. Da ya koma rubutu a kan wasu al'ummu, masu buga littafi suka ce in Bayahude zai yi rubutu, wahalar Yahudawa mutane ke son ji, me ya haɗa shi da tarihin wasu? Malaman tarihi na ce masa maƙaryaci, marubuta labari na cewa ya cika bin diddigi. Mahaifiyarsa kuwa har ta rasu tana tambayarsa yaushe zai sami aikin yi.

Na ce, "To me ya kawo ka Gobir?"

Ya ce, "Mutanen da aka ci birninsu suka ƙi mantawa. Na san irinsu a gida. Amma ba za ni iya rubuta littafi da jarumai zalla ba. Wa ya ɗebo ruwa? Wa ya noma geron da dawakin suka ci?"

Ranar Asabar ba ya komai, haka addininsu ya ce. Ba ya hawa babur, ba ya taɓa alƙalami, ba ya kunna rakodarsa. Sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya ya yi karatunsa. Akwai gwaggon mahaifina da ke zaune tare da mu, tsohuwa tukuf, wadda tun zuwansa ba ta ce masa ko sannu ba. Ashe lura take yi. Wata Asabar da hantsi ta jawo sandarta ta zauna gefensa, ta kira ni.

"Yau ba shi rubutu ko?"

Na ce ba ya yi.

"To zamna ka hwaɗa mishi abin da za ni ce. Kak ka ƙara, kak ka rage."

Ta ce kakanmu, wanda a gida ake cewa ya mutu a bakin ƙofar birni da takobi a hannu, shi ne ya fara fita daga Alƙalawa. Tun da ya hangi ƙurar dawaki ya ɗora wa jakinsa tukunya da irin gero, ya tasa matarsa gaba, bai tsaya ba sai wajen Tsamaye. A can ya yi gona. In masu tuta suka zo, sai ya naɗa rawani har ya rufe zanen fuskarsa, ya fitar da zakka. In mahayan Gobir suka zo, sai ya warware rawanin ya nuna kumatu, ya ba su damma. Wata rana ya ji sukuwa bai san ta su wa ce ba. Ya tsaya da rawani a hannu, ya rasa ya naɗa ko ya ɓoye, sai ya faɗa cikin rumbu. Matarsa ta fito tana kuka ta ce mai gidan ya rasu jiya. Mahayan suka sauka, suka yi mata ta'aziyya, suka yi wa mamaci addu'a yana ciki yana ji, sannan suka kwance jakin suka tafi da shi.

"Su wa suka ɗauke jakin?" marubucin ya tambaya.

"Shina cikin rumbu, ƙaƙa za shi gani?" in ji Gwaggo. "Jaruman nan duk sun mutu da ƙuruciya. Wanga matsoraci shi ya tsufa, shi ya haihe mu duka."

Ban taɓa ganin mutum cikin azaba irin tasa a wannan yini ba. Ga labarin da ya ƙetare sahara yana nema, ga alƙalami a ɗaki, ga Asabar. Ya zauna a kan tafukansa yana maimaita labarin a hankali kamar mai tilawa, yana duban rana kamar mai azumi. Washegari ya je ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya nemi izininta.

"Rubuta, ɗan nan," ta ce. "Wa ka jin Faransanci a gidan ga?"

Bayan wasu shekaru abokina ɗan kasuwa ya zo da littafin daga Maraɗi. Abin da Gwaggo ta manta shi ne akwai wani tela Banijare a kasuwa da ya yi boko a can. Shi ya riƙa karantawa yana juyawa da Hausa a teburin mai shayi, kullum babi guda. An sauya sunaye, amma ga Tsamaye, ga jaki, ga rumbu, ga kuma gidan da Bayahude ya sauka.

Baffana ya kira taron dangi. Ya ce na kawo baƙo ya ci tuwonmu ya tafi ya mai da kakanmu abin dariya a ƙasar Turawa. Aka tambayi Gwaggo, ta ce ita ina ita ina Faransanci, ta ja zanenta ta rufe kai. Kawu ma ya aiko daga Isa, shi ƙorafinsa littafin bai fito fili ya ce Gobirawa ne suka ɗauke jakin ba.

Na buga wa marubucin waya na gaya masa. Ya ce shi ma haka: mutanensa sun ce ai kakansu ne mai jakin, shi ne kawai ya yi masa zanen Gobir don ya ɓatar da sawu, har ƙanwarsa ta kira shi ta zage shi tas. Muryarsa cike da murna yake faɗa, don rabon da ya ji tata muryar an daɗe.

Fushin bai kai damina ba. Wasu ɗalibai suka zo daga Nijar da littafin a hannu suna neman a nuna musu gidan mai jaki. Nan da nan gidaje uku a Tsamaye suka fito da rumbunsu, kowanne ya rantse nasa ne na asali. Da Baffa ya ji wasu na neman ƙwace mana kaka, sai ya sa babbar riga ya tari baƙin da kansa. Na tsaya a gefe ina ji yana gaya musu cewa lalle kakanmu ne ya fara fita, amma Sarkin Gobir ne ya aike shi leƙen asiri, a kan wani ingarman doki.

Wata ɗaliba ta buɗe littafin ta ce, "Baba, a nan jaki aka rubuta."

Baffa ya dube ta da tausayi ya ce, "Ɗiyata, doki na. Faransanci na ba shi bambanta su."