Jirgin Kara a Ƙofar Ɗakin Dada

Lokacin da na fara ƙera jirgin ƙasa ban taɓa ganinsa ba. Azare ba ta da layin dogo, kuma duk gidanmu babu wanda ya taɓa sa shi a ido. Abin da muka sani kawai, a shekarar da nake famfara Baba ya tafi cin rani Nguru, dakon buhunan gyaɗa, daga baya wani ya zo ya ce ya ga ya shiga jirgi ya yi yamma. Daga nan shiru. Damina ta zo, ƙanensa Baffa Sale ya nome mana gona, aka girbe, sanyi ya sake shigowa, babu Baba babu dalilinsa.

Ni kuwa zama ya gagare ni. In ina tsakar gida sai in ji kamar ana sallama a zaure, in na ruga zaure sai in tarar da akuya. Ran kasuwa nakan je in tsugunna gaban Malam Ari mai kanwa, wanda yake zuwa da jakai daga wajen Nguru, in dame shi da tambaya. Shi ya zana mini jirgi a ƙasa da ɗan yatsa: kai mai hayaƙi a gaba, taragu a bayansa, ƙarafa biyu a shimfiɗe bisa katakai. Rannan na ce masa, "Malam, in jirgin ya kai mutum can, ta yaya yake juyowa?"

"Juyowa? Kai yaro, ai ba jaki ba ne. Inda ƙarfe ya miƙa nan yake bi, ko taku ɗaya ba ya kaucewa." Ya ci gaba da auna kanwarsa, bai san abin da ya zuba mini a ciki ba.

Na dawo gida na faɗa wa karan dawar kakata Dada, mahaifiyar Baba. Karan nan shi ne makamashinta na sanyi, tana ji da shi, gaɓa ɗaya ɗaya take ba ni tana mita. Shi ya sa jirgina ya fito ɗan mitsitsi, don ba ni da kayan yin babba. Sauran yara suna yin motocin kara da ake ja da igiya, nawa tarago bai wuce babban yatsa ba. Totuwa, wato farin cikin karan mai laushi, ita nake yankawa siri-siri in yi ƙafafu, in soke su da ƙayar aduwa. Ɓawon karan nake tsagawa in yi ƙarafan hanya, in liƙe su da ƙaro a kan guntayen sille. Kan jirgin na shafe shi da baƙin gindin tukunya. Ɓawon kara yana da kaifi, har yau akwai tabonsa a yatsuna.

Na fara shimfiɗa hanyar daga ƙofar ɗakin Dada, ƙarƙashin rumfa. Tun da Malam Ari ya ce jirgi ba ya kaucewa, sai na miƙar da ita sak. Kullum ina ƙara mata tsawo, ta wuce turmi, ta wuce randa, har ta je ta tokare da danga. Can jirgin yake tsayawa, hancinsa a jikin zana, ya ba gidanmu baya. In na ɗauko shi da hannu na dawo da shi sai in ji na yi ƙarya, domin babu hannun da zai ɗauko na Baba. Na daina cin abinci sosai. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji.

Dada kuwa ko a jikinta, haka nake gani. Baba ne ɗanta na fari, ita kuma Bafulatana ce daga wajen Gadau, mai alkunya ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In matafiyi ya shigo gaisuwa Inna tana tambayar labari, Dada sai ta tashi ta shige ɗaki. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin, na ɗauka ba ta damu ba ne.

Bayan sallar isha'i takan hura wuta a bakin rumfa, mu kewaye ta, ni da ƙanwata Lanti da 'ya'yan Baffa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Sai ta zungura wuta ta ce, "Ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta wurin zama?" Mu ce, "Ga tabarma." A daren da nake ba ku labarinsa ni ban amsa ba, ina can jikin danga ina ƙoƙarin huda zana don hanya ta wuce waje.

"Kai, mijin banza," in ji Dada, don haka take tsokanata, "ka cinye mini kara, yanzu kuma danga za ka ci? Zo nan ka zauna kafin ɗuwawunka su manta yadda ake zama."

Na zo ina zumɓura baki. Ta ce wai a da can ƙadandoniya miƙaƙƙiya ce kamar sanda, ba ta iya lanƙwasa. Tana zaune a gindin wata tsohuwar randa ita da ƙafafunta masu yawa. Ƙafafun gaba suka ce su sai sun je sun ga inda rana take kwana. Na baya suka ce su nan aka haife su, nan za su zauna. Na gaba suka ja, na baya suka kafe, jikin ya yi ta tsawo. Kai ya ƙetare fadama, ya ƙetare kogi, ya shiga garuruwan da ba a jin harshensu, wutsiya tana nan gindin randa.

"Wutsiyar ba ta kira shi ba?" in ji Lanti.

"Da wane bakin? Bakin ai yana wurin kai," in ji Dada. "Ita dai ta riƙe wurinta, ba ta saki ba."

Ta ce kai ya yi nisa har ya gaji, ya so komawa, amma jiki ya bushe da rana, in ya ce zai juya sai ya ji zai karye. Ya kwanta a bakin wani rafi yana kuka. Raɓa ta sauka a kansa, ruwan rafi ya jiƙa shi, gari na wayewa ya ji jikinsa ya yi laushi. Ya karkata kaɗan, bai karye ba. Ya ƙara karkatawa. Bai juya da baya ba, gaba ya ci gaba da yi yana lanƙwasa a hankali, har wata rana ya ga wata tsohuwar randa da wata wutsiya a gindinta. Shi ya sa har gobe in ka taɓa ƙadandoniya take naɗewa, kai ya je ya duba ko wutsiya tana nan. Dada ta karkaɗe zanenta ta ce kan ɓeran da za ta rufe labarin da shi kyanwa ta riga ta, kowa ya je ya kwanta.

Na tashi zan tafi ta riƙo rigata. Ta ɗebi tsagaggen ɓawon karana ta tsoma a kwatarniyar ruwa. "Bar shi ya kwana. Busasshen kara ba a yi masa dole."

Da safe ta nuna mini yadda ake gasa shi sama-sama a bakin wuta ana lanƙwasawa. Na karya da yawa don gaggawa, tana cewa ba ta taɓa auren miji mai garaje irina ba. Na kwashe tsohuwar hanyar, na kafa turke na ɗaura zare na zana da'ira a ƙasa, na bi ta da sabuwar. Ranar da bakin hanya ya haɗu da baki na tura jirgin da ɗan yatsa. Ya bar ƙofar Dada, ya ba mu baya, ya zaga ta bayan turmi, sai ga hancinsa yana fuskanto mu. Daren nan na cinye tuwona har na nemi ƙari.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Kullum da yamma nakan kai jirgin can nesa, bayan turmi, in bar shi, don a ganina nan Baba yake. Kullum da safe kuma sai in tarar da shi a ƙofar ɗakin Dada, a kan hanyarsa daidai, ko tarago ɗaya bai goce ba. Na zargi kaji, na zargi iska. Dada ta ce ita ina ruwanta da wasan yara.

Baba ya dawo ana gab da shuka, a ƙafa, ya rame, ashe ciwo ne ya kwantar da shi a can. Inna ta saki muciya, mu muka rufe shi. Ya zo ya durƙusa a gaban rumfa yana gaida Dada. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya wajen Inna ta ce, "A ba baƙo ruwa," ta shige ɗaki ta saki asabari. Da dare ta fito ta tattara hanyar jirgina kaf ta cusa a wuta. Na yi kuka, ta ce, "Yi shiru, maigida. Ai jirgin ya gama aikinsa."

Sai bayan rasuwarta, na riga na yi iyali, Inna take gaya mini. Ta ce kullum in ta fito alwalar asuba takan ga Dada a tsugunne bayan turmi, tana tura jirgin da ɗan yatsa a hankali, bakinta yana motsi, har ta kawo shi ƙofarta. Inna takan koma ɗaki ta jira, don kada tsohuwa ta san an gan ta. Duk shekarun nan na ɗauka ni aka yi wa tatsuniyar, don yaro ya ci tuwo. Ashe wutsiyar da ba ta da bakin kira tana zaune a gabanmu tana zungura wuta.

Daga baya na shiga jirgin gaske, na ga yadda ake kwance kansa a juya shi a tasha, abin da Malam Ari bai tsaya ya gaya mini ba. Duk da haka ban daina na kara ba. Kowace kaka nakan zaɓi kara mai kyau in jiƙa, jikokina suna dariyar tsoho mai wasan yara, kuma ban ƙara shimfiɗa miƙaƙƙiyar hanya ba. Babban ɗana yana can kudu wajen aiki, ya daɗe bai leƙo ba. Ba na tambayar kowa labarinsa. Amma nakan riga mutanen gidan tashi.