Tsumman Filomena

Shekara ashirin da biyu Filomena ta yi tana shiga ramin da aka haƙa cikin dutsen nan da asuba, tana goge ɗakin da masana suke auna tiririn da duwatsu ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Na'urarsu ƙyanƙyami gare ta. Ƙura kaɗan, ko gumin yatsa, sai lissafinta ya rikice, shi ya sa aka killace ta da tubalan dalma. Filomena ko sakandare ba ta gama ba, amma ba a taɓa samun ƙura a ɗakin ba.

Sai ga shi a watan Disamba lissafi ya hau. Kuma wa za a zarga? Mai tsumma mana. Farfesa Tiberi, wanda ko kofin da yake shan kofi da shi bai iya wankewa ba, ya tsare ta a bakin ƙofa.

"Sinyora Filomena, kin canza sabulu ko? In abin bai sauka nan da Litinin ba, za mu nemi wata."

"Farfesa, sabulun nan ya girme wa digirinka. Yaushe lissafin ya fara hawa?"

"Huɗu ga wata."

Nan take ta tuna. Huɗu ga wata ranar Waliyya Barbara ce, mai tsare mahaƙa dutse. Osvaldo kuwa, tsohon makaniken wurin, yana cikin waɗanda suka haƙa ramin, kuma a nan ya rasa ƙaninsa.

Ta sa safar hannu, ta roƙi Farfesa ya buɗe ƙofar dalmar. Can a lungu ga ɗan mutum-mutumin waliyyar, na yumɓu, bai fi yatsa ba.

Ta ce, "Yumɓu ba ƙasa ba ne? Ku kuka koya min ƙasa tana tiriri."

Tiberi ya yi ja har kunne. "Wa ya ajiye ta?"

"Ni shara aka ɗauke ni, ba gulma ba."

Ta naɗe waliyyar a hankici ta kai wa Osvaldo. "Kai tsoho, addu'arka ta kusa cin aikina. Kai ta bakin rami, daga can ma tana ganinmu."

Ranar Litinin lissafi ya sauka. Haƙuri dai Farfesa bai bayar ba, irinsu ba sa iyawa. Amma yanzu duk baƙon masanin da ya zo, ko daga Japan ne, sai ya tsaya ta duba hannunsa da takalminsa kafin ya shiga.