Iliasu Mai Fassarar Fim na Zangon Yendi

Iliasu Osman haifaffen zangon Salaga ne, wato unguwar baƙi 'yan kasuwa, jikan fataken goro, amma bai gaji ciniki ba. Baki ya gada. Tun yana saurayi, idan ya zauna a tashar lori yana ba da labarin abin da ya gani a kasuwa, 'yan kamasho kan manta da fasinja.

Bakin nan ne ya kai shi Bawku a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da bidiyo ta fara shigowa ta kan iyaka. Wani ɗan kasuwa ya buɗe gidan kallo, ya rasa mai gaya wa jama'a abin da mutanen cikin akwatin talabijin ke cewa. Aka miƙa wa Iliasu makirufo. Turancinsa na firamare ne. Abin da ya ji ya fassara, abin da bai ji ba ya cike da nasa, kuma nasan ya fi daɗi. Da ya tsaya da ƙafarsa sai ya ɗauki matarsa Zuwera da ɗansu guda ɗaya, Nashiru, suka koma Yendi. Ya kama wani tsohon shagon hatsi a zango, ya jera benci, ya sayi janareta.

Cikin kaset-kaset ɗinsa akwai wani da ba shi da suna, takardar bayansa ta yage, yaren da ake yi a ciki ma ba Turanci ba ne. Fim ne na wani birni na zamani mai zuwa. Babu ɓarawo, babu yunwa, babu mai ɗaga murya. Idan mutum ya mutu, ma'aikata su zo da safe su ɗauke gawa, su ɗauke kujerarsa da takalmansa, su yi wa ɗakin sabon fenti, iyalinsa kuma su zauna cin abinci suna murmushi. Iliasu ya raɗa masa suna Garin Lafiya, ya mayar da shi abin dariya.

“Kun ga wannan mai farar rigar?” yakan ce. “Cewa yake, Hajiya, yi haƙuri, ai ba ki taɓa yin miji ba. Ita kuma ta ce, to, shi ya sa naman miya ke afki kwanan nan!”

Shekaru ana kallonsa ana riƙe ciki.

Nashiru ya girma yana jin yare huɗu kamar kowane ɗan zango, kuma da ɗabi'arsu ta duban fuskar mutum a gaishe shi da yaren da ake zaton nasa ne. Da ya kai shekara ashirin ya tafi wurin kawunsa a Salaga, yana bin lorin doya daga Kpandai. A farkon 1994 faɗan ƙabilanci ya ɓarke a yankin, hanyoyi suka rufe. Sai da aka fara tafiya da rakiyar soja sannan direban lorin, Mutala, ya iso Yendi. Ya tsaya a ƙofar gidan kallo ya ƙi zama.

An tare su a hanya da kututture, in ji shi. Mutanen da suka tare su ba su ce komai ba tukuna. Nashiru ya leƙo daga saman kaya ya gaishe su, cikin ladabi, da yaren da bai kamata ba. Nan take suka sare shi. An binne shi a Salaga.

Kafin a yi sadaka, Alhaji Jibirilu, babban dattijon zango, ya zo gida da mutum biyu. Bayan gaisuwar rashi ya matso kusa.

“Iliasu, ɗana, mu ba mu da gona a ƙasar nan, ba mu da sarauta. Kowane ɓangare yana sayen gishirinmu, shi ya sa gidajenmu ke tsaye. Abokan yaron nan suna nan, jininsu na tafasa. Ranar da suka ɗauki adda, ranar zango ya zama ɓangare. Mun yi magana da Mutala. Zazzaɓi ne.”

“Alhaji, zazzaɓi yana sara a wuya?”

“Wannan yana yi. Ka yi wa Allah.”

Iliasu ya dubi tabarma. A wurin sadaka liman ya roƙa wa Nashiru rahama, ya ce rashin lafiya ne na kwana kaɗan. Masu gaisuwa suka yi ta ba da labarin nasu 'yan uwan da zazzaɓi ya ɗauke. Wata tsohuwa ta tambayi Zuwera me ya sa ba a ba shi sassaƙe da wuri ba. Zuwera ta tashi ta shiga ɗaki.

Zango ya tsira. Ba a ƙona ko rumfa ɗaya a layinsu ba, kuma Iliasu ya san dalili. Sanin ne ya fi ci masa rai. Da Alhaji Jibirilu maƙaryaci ne kawai, da ya tsane shi ya huta. Motocin lori suka koma ɗaukar doya, kasuwa ta cika, kowa na cewa alhamdu lillahi an samu zaman lafiya, shi ma yana cewa.

Saboda dokar hana fita, kallo ya koma bayan la'asar, ana toshe tagogi da buhu. Ya daɗe yana saka finafinan dambe da na Indiya. Wata Asabar samari suka matsa sai Garin Lafiya. Ya saka.

Da farko ya yi ba'ar da ya saba, amma ba ta fito daidai ba. Da aka zo inda ma'aikata ke shiga gidan mamaci, sai ya ji bakinsa ya kama wata hanya.

“Wannan mai farar rigar cewa yake, Baba, ɗanka bai hau lori ba. Bai gai da kowa ba. A garin nan ba a sara, ba a harbi. Kowa zazzaɓi ne. Ga uban nan, kun gan shi? Yana murmushi, don maƙwabta su yi barci.”

Wasu suka fara dariya, suka ji babu mai taya su, suka daina. Sai ƙarar janareta daga waje. Iddi, abokin Nashiru tun makarantar allo, wanda yanzu mahauci ne, ya miƙe daga bencin gaba, kansa ya tare rabin akwatin.

“Baba Iliasu, tsayar da fim ɗin nan.”

“Zauna, kana tare wa mutane.”

“Mun ji ƙishin-ƙishin, an ce mu yi shiru. Kai ne ubansa. Faɗa mana su wane ne, da wane gari. Abin da muke so ke nan, sauran namu ne.”

Wasu huɗu ko biyar suka miƙe a bayansa. Iliasu ya san iyayensu duka. Ya san ɗakin da kowannensu ke kwana, da irin ciyawar rufin. Makirufo na hannunsa, abin da ya yi wata da watanni yana neman inda zai faɗa yana kan harshensa, ga mutane kusan sittin sun buɗe kunne. Bai taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba.

“Kai Iddi, sakarai,” ya ce, da muryar wasan da suka sani. “Fim ne. Yaren Turawan nan ma ba na ji, ƙirƙira nake. Abokinka zazzaɓi ne ya kashe shi. Zauna, ko ka fita.”

Iddi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya fita. Sauran suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Iliasu ya fassara fim ɗin har ƙarshe.

Labari ya riga shi isa gida. Zuwera tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

“An ce ka faɗa a lasifika cewa zazzaɓi ne.”

“Da na faɗi gaskiyar, da yanzu uwar Iddi na neman likkafani.”

“Na sani,” ta ce. “Amma da, su ne suka ce. Yanzu kai ne.”

Washegari Alhaji Jibirilu ya aiko masa da goro, da saƙon cewa Allah ya yi masa albarka. Iliasu ya karɓa, ya yi godiya, don haka ake yi.

Bai ƙara riƙe makirufo ba. Kafin damina ta wuce ya sayar da kayan kallon, suka koma Bawku, inda ya buɗe rumfar gyaran rediyo kusa da tasha. Waɗanda suka san shi can a ƙarshen shekarun casa'in sun san shi da iya aiki da ƙarancin magana. Idan baƙuwa ta tambayi Zuwera ko tana da 'ya'ya, takan ba ta labarin lorin daga farko har ƙarshe. Shi kuma yakan ɗauki buta ya fita waje har ta gama.