Guntun Bulon Da Na Yi Waigi Da Shi A Gaban Jirgi

Edita da masu karatu, sallama a gare ku. A lokacin da abin nan ya faru ni tsohon direba ne mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Yola zuwa Mubi. Boko aji uku na yi, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi ina kwaikwayon tafiyar hedimasta, don haka in kun ga rubutun nan yana ɗingishi, gado ya yi. Abu biyu aka san ni da su a tashar Jimeta, iya sitiyari da tsokana. Babu ramin da ban san shi ba a hanyar nan, kuma na kan ce ko an ɗaure min ido zan kai fasinja Gombi. A ganina duk wanda zai koya min tuƙi ba a haife shi ba tukuna.

Sai rikicin nan ya zo, hanya ta mutu. Motata ma can Mubi na baro ta, na dawo a ƙafa ta cikin duwatsu tare da mutanen da a da ni nake ɗaukarsu. Gidana na Yolde Kohi mai ɗaki uku ya cika da dangin matata da suka gudo, har zaure mutane ke kwana. Ina wannan zaman ne wani maƙwabcina ya ce kamfanin da ke loda kaya a filin jirgi yana neman direbobin tarakta, irin ƙaramar nan mai jan amalanken akwatuna, don zirga-zirgar jirage ta ƙaru saboda masu kawo agaji. Na yi dariya na ce wanda ya ja bas a hawan dutse ai tarakta abin wasan jikokinsa ne. Ya ce to, amma ba a taɓa sitiyari a cikin fili sai an yi kwas an ci jarrabawa an karɓi kati.

Mai koyar da mu wata Malama ce 'yar unguwar Makama, sa'ar 'yata ta biyu. Tun ranar farko ta sa min suna Bappa, ni kuma na ɗaura aniyar ba ta wahala. Ta ce a cikin fili jirgi ne babba, ko yana tafiya ko yana tsaye, mota ce ke ba shi hanya. Na ce ashe shi ma yana da ƙungiya. Ta ce ba a gudu ya wuce saurin mai sassarfa, ba a bi ta ƙarƙashin fiffike, ba a tsallaka jan layi sai hasumiyar filin ta ba da izini ta oba-oba, wato rediyon hannu, kuma in jar fitilar jirgi ta fara walƙiya kowa ya ja baya. Duk inda ka tsaya kusa da jirgi ka ja birkin hannu, ka sa waigin roba a taya, in za ka tashi ka ɗauke abinka. Abin da ta fi nanatawa shi ne tsakuwa. Ta ce injin jirgi yana zuƙar iska da ƙarfin da zai ɗauke ƙusa ko murfin kwalba daga ƙasa, kuma abu ɗaya in ya shiga ya isa ya karya masa haƙora. Shi ya sa ake tsayawa a ƙofa a duba tayoyi kafin a shiga. Na ɗaga hannu na tambaye ta ko abu mai girman masallacin Juma'a shi ne ke tsoron abin da kaza ke haɗiyewa. Aji ya fashe da dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta ce in riƙe tambayata, wata rana zan ba kaina amsa.

Da jarrabawa ta zo aka kawo takarda cike da Turanci. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, ba ta canza ba. Manajanmu ya ce wanda bai iya karatu ba ba shi da wurin zama a fili. Malama ce ta tsaya min. Ta ce ta ga hannuna a sitiyari, duk ajin babu kamata, a bar ta ta yi min tambayoyin da baki da Hausa, in wani abu ya biyo baya ita ta sa hannu. Haka aka yi. Ni kuwa Allah ya ba ni kan hadda, na zubo mata amsoshi kamar karatun allo. Tambaya ta bakwai ita ce, in ka ga wani abu a ƙasa me za ka yi. Na ce in tsaya, in ɗauka, in jefa a kwandon da aka tanada. Ta ce madalla. Bakina ne ya ci jarrabawar nan, zuciyata tana gefe tana dariya.

Wata biyar ina aiki lafiya, gida ana ɗora tukunya. Sai dai waigin robar nan ban taɓa ganin girmansa ba. Mu a hanya dutse ne waigi: ka tsaya a gangare, ka rarumo dutse ka cusa, in ka gama ka taka shi ka wuce, ba wanda ke waiwaye. Na roba kuwa na gano yana da daɗin zama, sai na mayar da shi kujerata a rumfar direbobi, inda muke shan shayi muna dara. Ran nan da hantsi ana tsakiyar wasa, na kusa cinye wani Bafulatani da ya daɗe yana min gori, sai oba-oba ta ce a kai kaya jirgi ya kusa tashi. Na zabura na hau tarakta. Sai da na kusa ƙofa na tuna waigi yana rumfa. Komawa zai sa a ce Bappa ya makara, ga kuma tarin bulo a gefen katangar da ake gyara. Na sauka na ɗauki guntu ɗaya na ajiye a ƙarƙashin ƙafata, har ina yaba wa kaina dabara.

Na tsaya a gefen jirgi, na cusa bulon a gaban tayar baya, aka loda akwatuna. A cikin kayan har da keken guragu na wata tsohuwa da aka ce asibiti za a kai ta Abuja, da hannuna na miƙa shi. Da aka gama na hau na ba ta wuta. Na ji ƙurus a ƙarƙashina, kunnena ya gane sautin, sautin shekara talatin ne, bai ce min komai ba. Amalanke uku suka bi ta kai suka niƙe shi suka watsa. Ina isa bayan layi na juyo, sai na ga jar fitila tana walƙiya, inji ɗaya ya fara juyawa. A ranar Malama tana tsaye kusa da mai yi wa matuƙin jirgi alama da hannu, tana duba aikinsa. Na ga ta ƙura wa ƙasa ido, ta daki kafaɗarsa, shi kuma ya yi wa matuƙi alamar ya kashe. Ƙarar ta mutu a hankali. Taku kaɗan ne tsakanin bakin injin da tsakuwar da na shuka.

An fi awa ana shara ana haska cikin inji, fasinja suna zaune cikin zafin Yola. Injiniya ya ce da an ƙara wuta kaɗan da labarin ya canza. Ni ma na karɓi tsintsiya ina shara, har ina taya su mamakin inda bulo ya fito. Wannan ita ce kunyar da ta fi damuna har yau. Da aka bincika takardu sai aka ga Malama ce ta duba wurin da safe ta sa hannu cewa tsaf yake. Aka ba ta takardar tuhuma, aka hana ta shiga fili sai kwamiti ya zauna, kuma kowa yana cewa da wuya ta tsira da aikinta.

Kwana uku na yi shiru. In na tuna bakunan da ke jirana a gida sai in ce Allah ya rufa asiri, ita yarinya ce mai takardu, za ta samu wani. Har na ƙirƙiro wa kaina hujja, cewa in na yi magana ma ita zan ƙara jefawa, tunda ita ta sa hannu a katina. Matata ta lura tuwo yana dawowa, ta tambaye ni ko wani na tsokana ya rama. A rumfa aka yi ta jiran barkwancina, babu.

Ranar da kwamiti zai zauna, da safe na zo ƙofar duba taya sai na tarar da ita a tsaye ta waje. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta tsuguna da farin mayafinta ta leƙa bayan tayar baya, ta ciki, inda ni ban taɓa sunkuyawa na duba ba wai ƙuguna na ciwo. Ta sa ƙusa ta ɓanɓaro wani ɗan guntun siminti da ya maƙale. Ta kama hannuna ta ɗora min shi a tafi, ta ce, "Bappa, tambaya ta bakwai." Ba ta jira amsa ba, ta juya ta nufi ofis.

Na daɗe a wurin, har na bayana suka fara ƙorafi. Ashe ta sani, ko ta yi zato tun ranar, kuma da ta so da ita za ta kai guntun nan gaban kwamiti ta wanke kanta. Sai ta bar min shi. Na kashe tarakta na bi ta. Na shiga ba a kira ni ba, na ajiye guntun a kan teburin manaja na faɗi komai, har da dara da kujerar. Manaja ya juya wajenta ya ce ga irin abin da ya guda tun farko. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ta koyar, ni ne ban koya ba. Amsa na haddace, ban yarda da ita ba. Ko da na iya Turanci, da bulon nan zan ɗauka."

Ba a kore ni ba, kuma na san albarkacin bakin wa. An karɓe katina, na yi wata uku ina dakon akwatuna da hannu, ƙugun da ya ƙi sunkuyawa ya koyi darasi. An wanke ta daga zargin duba wuri, amma an rubuta mata gargaɗi saboda ni, yana nan a fayil ɗinta, kuma wannan tabo ba ni da sabulun wanke shi. An so a soke jarrabawar baki gaba ɗaya, ta roƙa aka bari, sai dai aka ƙara cewa bayan an ba mutum kati za a riƙa binsa ana kallon aikinsa ba tare da ya sani ba. Da na dawo gwaji ta kayar da ni a karon farko, don na saki sitiyari na ɗaga wa wani dattijo hannu biyu. Na ce gaisuwa ce fa, ta ce in gaishe shi in na sauka. A karo na biyu na ci.

Yanzu hanyar Mubi ta buɗe, baƙina sun koma, ido ya fara raunana na bar tuƙi. Ni ne nake jan layin masu tsintar tsakuwa a fili kowace safiya, kuma duk sababbin direbobi sai Malama ta turo min su in ba su labarin nan da bakina. Ina kira ga 'yan'uwana tsofaffin hannu, na mota da na kowace sana'a: gwanintar da ta yi maka rana a wani wuri ita ce za ta kashe mutane a wani. In ƙaramin da ya san wurin ya ce maka kaza, kada ka haddace don ka wuce, ka tambaya har ka yarda. In kuma wani ya sa hannunsa saboda kai, ka sani duk abin da ka taka a kansa yake fashewa. Waigi ya koma ƙarƙashin taya inda aka yi shi domin ya zauna. Ni kuwa na kawo tabarma daga gida.