Zazzaɓin da Ya Biyo Ayari

A shekarun da nake aikin kargo a unguwar Naif, can ƙasar Larabawa, ina ɗaure wa ƴan kasuwar Kano jakunkuna da takalma, wani zazzaɓi ya mayar da ni abin wasansa. Sai ya zo da murɗawar ciki, ya kwantar da ni kwana biyu ko uku, ya tafi abinsa. Tun ina yaro muke tare. A gida taifot muke ce masa, kuma na sha saiwoyin da ko akuya sai ta kau da kai. Da ƙaramar ƴata da na bari a Kano ta fara irin nata, dariya muka yi, muka ce ta gado ubanta.

Ranar da maigidana ya ce bizar da ya yi mini ba ta kwanciya ba ce, na tafi wurin wata likita ƴar Siriya a unguwar Deira. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Daga ina asalinku yake?"

Na ce, "Kano. Bahaushe ne ni gaba da baya." Na jero mata ubana da kakana da uban kakana, dukkansu marina.

Ta ce, "Matan fa?"

Raina ya ɓaci. Wa yake lissafa asali ta wajen mata? Ni ko sunan kakar babana ban sani ba.

Ta ce tana zargin wani ciwon gado ne da aka fi sani a ƙasashen bakin Bahar Rum, wurin Turkawa da Armeniyawa da Larabawa da Yahudawa. Galibi sai an ɗauko shi ta uwa da uba duka, kuma in an bar shi yakan cinye ƙoda. A raina na ce matar nan ciwon garinsu take so ta liƙa mini. Da sakamakon jini ya fito, shi ɗin ne.

Bayan la'asar na tsaya bakin ruwa a Al Ras na kira mahaifiyata.

"Inna, muna da Balarabe a dangi?"

Ta yi dariya. "Yo kakata fa? Ubanta bafatake ne, daga Tarabulus ya biyo ayari ya zauna Kano. A ina kake tsammanin gidanmu ya koyi alkaki?"

"Shi ne ba wanda ya taɓa gaya mini?"

"Ka taɓa tambaya? Ku maza ai kanku kawai kuke lissafawa."

Na ce likita ta ce har ta wajen Baba akwai jininsu.

"To ai ita ta haifi ubana, ita ta haifi uwar babanka. Duk gida ne."

Duk gida ne. Na tuna baffana da ƙafafunsa suka kumbura irin na mai ciwon ƙoda har ya rasu, aka ce sammu ne. Matata kuwa ƴarsa ce.

Inna ba ta san abin da ta faɗa ba, ta ci gaba da ba ni labarin gida. "Af, ƴar taka ma jiya zazzaɓin nan nata ya dawo, tana ta riƙe ciki. An sayo mata maganin taifot."

Na ce, "Inna, a ajiye shi. Miƙa wa uwarta wayar."